Babi na Bakwai: Akin Mabogunje da Birnin da Ake Ginawa daga Unguwa

Da labarin rasuwar Farfesa Akinlawon Ladipo Mabogunje ya fito a ranar 4 ga Agusta, 2022, yana da shekara 90 a duniya, jaridu sun shiga jera lambobin girman da ya tara. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya kai matsayin farfesa a ilimin labarin ƙasa, a Jami'ar Ibadan cikin 1965. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, daga 1980 zuwa 1984, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da aka ba kyautar Vautrin Lud a Faransa cikin 2017, wadda masu wannan fanni ke ɗauka a matsayin tasu Nobel ɗin. Duk wannan gaskiya ne. Amma mutumin da ke zaune a Kurna ko Rigasa ko Mararaba, wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, yake yashe kwata da kansa in damina ta kama, yana da bakin tambaya: in har ƙasar nan ta haifi masanin birane irin wannan, gwamnatoci kuma suka yi shekaru da dama suna neman shawararsa, me ya sa biranenmu suke yadda suke? Tambaya ce mai nauyi, ba a kuma amsa ta da lissafin lambobin yabo.

Abin da wannan babi zai kafa shi ne, rayuwar aikin Mabogunje gaba ɗayanta gwaji ce ta ra'ayi guda, kuma sakamakon gwajin, da daɗinsa da ɗacinsa, ya gaskata ra'ayin. Ra'ayin kuwa shi ne, abin da ke riƙe da birni tsare-tsaren zaman tare ne waɗanda mazauna suka yarda da su, suke zuba musu kuɗinsu, suke kuma iya tsare shugabanninsu da tambaya. Taswira da kwalta da famfo daga baya suke biyowa. Duk inda aka ba shi dama ya ɗora aiki a kan irin waɗannan tsare-tsare, aikin ya ɗore har bayan ransa. Duk inda aka karɓi iliminsa aka sauko da shi daga sama, ta hanyar dokar soja da kasafin tarayya, aikin ya tsaya a rabin hanya, ko ya rikiɗe ya zama wani abu dabam. Mafi yawan halin da biranenmu suke ciki ya samo asali ne daga watsi da ɓangaren shawararsa da ya fi yi wa mai mulki wuyar haɗiya, wato a saki iko ya sauka unguwa.

Daga Kano zuwa Ibadan

An haife shi a Kano ranar 18 ga Oktoba, 1931. Mahaifinsa mutumin Ijebu-Ode ne da neman abinci ya kawo Arewa, kuma a Kano yaron ya fara zuwa makaranta kafin a mai da shi Ibadan. Kanon wancan zamani gari ɗaya ce a suna, amma uku ce a mulki. Akwai birni cikin ganuwa, a hannun Sarki da En'e. Akwai unguwannin Turawa a Nassarawa da Bompai, masu faffaɗan tituna da inuwar itatuwa. Akwai kuma Sabon Gari, da aka yanka wajen 1913 domin baƙin da jirgin ƙasa ya fara kwasowa daga Kudu bayan layin dogo ya iso a 1911. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ita ta tabbatar da wannan rabo a faɗin ƙasa: ta kasa garuruwa aji uku, Legas kaɗai a aji na ɗaya, tsarin kuma ya tanadi a bar fili fetal mai faɗin yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. Bayan karatu a Ibadan da Landan, inda ya samu digirin digirgir a 1961, wannan rababben gari shi ya zama abin bincikensa.

Littafinsa na 1968 kan bunƙasar birane a Najeriya ya fito ne a lokacin da yawancin masanan Turai ke ɗauka cewa birni a Afirka baƙon abu ne da Bature ya zo da shi. Mabogunje ya nuna cewa ƙasar Hausa da ƙasar Yarabawa sun san birni ɗaruruwan shekaru kafin mulkin mallaka. Shaidun ba a ɓoye suke ba. Kasuwar Kurmi tun ƙarni na 15 take ci, daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma da matafiyin nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta mazaunanta wajen 30,000, adadin da kan ninka in fatake sun sauka. Garin da ke tufatar da mutane har hamada ba ya tafiya da ka. Yana da sarkin kasuwa da sarkin pawa, da dillalai da masu masauki, da masu unguwa da alƙalai. Abin da mulkin mallaka ya yi shi ne ya juya akalar dukiya. Layin dogo da cinikin gyaɗa da koko suka ɗaga sababbin garuruwa irin su Kaduna da Jos da Inugu da Fatakwal, garuruwan da layin ya kauce wa irin su Katsina da Oyo suka koma baya a ciniki, yadin kanti ya danne masaƙa da marina, kuɗin gyara kuma ya tafi sabon ɓangaren gari. Abin da mai tsara birni na zamani ke gani a tsohon gari ya kira hargitsi, tsari ne da aka bari da yunwa.

A 1970 ya buga wata maƙala kan ƙaura daga ƙauye zuwa birni, wadda masu nazarin ƙaura a duniya ke komawa gare ta har yau. Kafin nan an fi kallon mai ƙaura a matsayin mutum ɗaya tilo da talauci ya ingiza, albashi ya jawo. Shi kuwa ya ce abin zagayawa yake yi: iyali da gari su ke yanke wa zai tafi, wa zai zauna, a birni akwai masu tarbar baƙo su ba shi makwanci da sana'a, labari da kuɗin da ke komawa gida su ke nuna wa na baya ko su biyo, da inda za su dosa. Wanda ya san ci-rani ya san haka ne, domin shi ya sa ake samun 'yan ƙauye ɗaya sun tare a sana'a ɗaya a unguwa ɗaya. Unguwar Sabo ta Hausawan Ibadan, da aka kafa a 1916, babbar shaida ce. Binciken Abner Cohen na 1969 ya nuna yadda cinikin shanu da goro a can ya dogara ga maigida, wanda ke sauke fatake, ya tsaya musu a kan bashi mai yawa ba tare da takarda ba, in rigima ta taso kuma a kai ta gaban Sarkin Sabo. Baƙi ne a garin, amma sun gina abin da banki da kotun gwamnati ba su ba su ba.

Inda aka sauko daga sama, da inda aka taso daga ƙasa

Babban gwajin farko shi ne Abuja. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammad ya sanar da ɗauke babban birnin tarayya daga Legas, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka kuma yanko ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Niyyar farko ita ce a kwashe duk mazauna yankin a bar shi wayam, bisa zaton ba su da yawa. Mabogunje ne ya jagoranci ayarin masana daga Jami'ar Ibadan da ya binciki yanayin ƙasar, ya kuma ƙidaya mutane da dukiyoyinsu domin biyan diyya. Ayarin ya tarar da ɗaruruwan ƙauyuka na Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da sauransu, yawansu ya wuce zaton farko nesa ba kusa ba, diyyar kuma ta fi ƙarfin aljihun gwamnati. Ya gano wani abu kuma da ba ya fitowa a taswira: noman waɗannan mutane shi ke hana daji rufewa, in aka kwashe su ƙudan tsando zai mamaye wurin. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta sauya shawara, ta ce waɗanda gini ya shafa kai tsaye kaɗai za a tasa.

Wannan nasara ce ta bincike a kan zato, amma iyakarta ke nan. Kamfanonin Amurka suka zana babban tsarin birnin a 1979, masanin gine-gine ɗan Japan Kenzo Tange ya tsara tsakiyarsa, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Aka samu birni mai kyawun gani wanda ba shi da gwamnan da mazaunansa suka zaɓa. Minista ake naɗa masa, fili kuma daga ofis ɗaya ake raba shi. Sakamakon kowa na ganinsa da asuba a kan hanyar Keffi da ta Zuba: direbobi da masinjoji da malaman makaranta da masu gadi, waɗanda birnin ba ya motsi sai da su, suna kwana a Nyanya da Karu da Mararaba da Suleja, wasu ma a wata jiha. Unguwannin da talakawa suka gina wa kansu a ciki sun sha rusau, musamman tsakanin 2003 da 2007, batun 'yan asalin yankin kuma har yau bai mutu ba. Ilimi bai yi ƙaranci a Abuja ba, kuɗi ma haka. Abin da aka rasa shi ne wata kafa da mazaunin gari zai bi ya ce a yi kaza, a kuma ji shi.

Gwaji na biyu ya zo a zamanin Janar Babangida. Mabogunje ya zauna a hukumar DFRRI, wadda aka kafa a 1986 domin hanyoyi da ruwa da abinci a karkara. An yanka hanyoyin burji, an haƙa rijiyoyin burtsatse, amma da yake 'yan kwangila ne suka yi aikin, mutanen gari ba su ɗauke shi nasu ba, da dama ya lalace ba mai gyara, hukumar kanta ta zama tarihi kafin tsakiyar shekarun 1990. Daga nan ne tunanin bankunan al'umma ya taso. Bankin kasuwanci yana neman jingina, talaka kuwa ba shi da ita. Abin da yake da shi mutunci ne, kuma mutunci sai maƙwabci ya san shi. Masu adashi sun daɗe suna juya kuɗi a kan wannan jari kaɗai. An buɗe bankin al'umma na farko a Tudun Wada ta Kaduna a watan Disamban 1990, Mabogunje kuma ya shugabanci hukumar kula da su daga 1991 zuwa 1994. Ƙa'idar ita ce ƙungiyar ci gaban gari ta riƙe kaso mai tsoka na hannun jari, a kuma taƙaita abin da mutum ɗaya zai mallaka. Cikin 'yan shekaru yawansu ya haura 1,000.

Da yawa daga cikinsu sun durƙushe, kuma dalilan suna da darasi. An kafa su da gaggawa, lasisi ya zama abin nema don kansa, wasu masu hannu da shuni suka ari sunan gari suka buɗe nasu na kansu. Sa ido ya yi rauni, kuma da yake ta hannun manyan bankuna suke mu'amala, rikicin bankuna na shekarun 1990 ya tafi da ajiyar wasunsu. Waɗanda suka fi jurewa su ne na garuruwan da tun asali ke da ƙungiya mai rai, mai taro, mai bin diddigin kuɗi. Da Babban Banki ya fito da tsarin ƙananan bankuna a 2005, aka umarci sauran su rikiɗe, mallakar al'umma ta daina zama sharaɗi. Shi kansa Mabogunje, a wani nazari da ya rubuta wa Bankin Duniya a 1992, ya riga ya bayyana hanyar da yake ganin ta fi: a ɗauki tsarin da mutane suka gada suka amince da shi, a bar masa kamanninsa, a sauya masa ciki da rubutaccen lissafi da matsayi a doka da hanyar sauke shugaba. Kamar dai yadda mai lambu ke yi wa mangwaro aure ne, gindin na gida, reshen sabo. Doka daga Abuja tana iya samar da reshe dubu a shekara, amma ba ta iya samar da gindi.

A garin mahaifinsa ne ya samu damar yin abin yadda yake so. A 1999, yana dab da shekara 70, ya haɗa kai da Awujale na ƙasar Ijebu, Oba Sikiru Adetona, wanda ya hau karaga a 1960, da tallafin shirin kula da birane na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kira taron tuntuɓar gari a Ijebu-Ode. Kafin taron an binciki yanayin talaucin garin. A taron kuma an zaunar da masu sarauta, da ƙungiyoyin sa'o'i da Ijebu ke kira regberegbe, da matan kasuwa, da masu sana'ar hannu, da shugabannin addini, da ƙaramar hukuma, da 'yan gari mazauna wasu wurare. Daga nan aka kafa hukumar yaƙi da talauci mallakar garin, mai horar da mutane sana'a, ta haɗa su ƙungiya-ƙungiya, ta ba da rance bisa lamunin juna. A Eriwe aka ware fili aka haƙa tafkunan kiwon tarwaɗa, wurin ya zama ɗaya daga cikin manyan matattarar masu kiwon kifi a Najeriya. A 2007 ya ba da rahoton gwajin a mujallar Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka. Shirye-shiryen yaƙi da talauci na tarayya sun zo sun wuce tare da gwamnatocin da suka kawo su, wannan kuwa ya haura shekara 20 yana aiki.

Daga wannan fahimta ne ya riƙa sukar gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya yi wa ƙauye da birni riga iri ɗaya, ya kafa ƙananan hukumomi 301 da yanzu suka kai 774. A ganinsa gyaran ya bar biranen Najeriya ba mai su. Ƙwaryar Kano a yau tana cikin ƙananan hukumomi takwas, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Ibadan da kewayenta kuwa 11. Ruwan sama da shara da cunkoson motoci ba su san waɗannan iyakoki ba, amma babu kujera ɗaya da aka zaɓa domin ta amsa tambaya a kansu. A ɗaya gefen kuma, kowace ƙaramar hukuma ta yi wa unguwa girma, ta yi mata nisa. Ga kuma batun kuɗi: hukumar da ke jiran kasonta daga asusun tarayya kowane wata ba ta buƙatar yardar mazauna, su ma ba sa jin kuɗinsu ne ake ci. Shi ya sa ya nace a kan harajin gidaje da filaye. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya taɓa hannun gwamnoni, amma bai taɓa wannan matsala ba, domin kuɗin har yanzu daga sama suke zuwa.

Harajin gida ba ya yiwuwa sai an san gidan wane ne, nan kuma wani aikin nasa ya shigo. Dokar amfani da filaye ta 1978, wadda ta ɗauko samfurinta daga dokar Arewa ta 1962, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ce ba sayarwa ba jingina sai da amincewarsa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda gyara ta zai yi wuya. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya naɗa Mabogunje shugaban kwamitin gyaran harkar filaye, kwamitin da ya sha nanata cewa ƙasar da ke da rajista a Najeriya ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba. Maganin da ya kawo shi ne a daina jiran mutum ɗaya-ɗaya ya bi ofis-ofis yana neman takardar mallaka. A shiga unguwa gaba ɗaya da hoton sama, maƙwabta da mai unguwa su tabbatar da iyakoki a bainar jama'a, a kafe sakamako don masu ƙorafi, sannan a ba kowa takardarsa. Jihohin Kano da Ondo aka zaɓa domin gwaji. 'Yar'adua ya rasu a watan Mayun 2010, gyaran dokar bai tsallake majalisa ba, unguwannin awon igiya kuma suna ci gaba da yaɗuwa a bayan kowane babban gari.

Abin da masu suka za su ce

Suka ta farko ita ce, mutumin da ke wa'azin iko daga ƙasa ya yi mafi yawan aikinsa ne da gwamnatocin soja, waɗanda su ne suka fi kowa tattara iko a sama. Dokar filaye da gyaran 1976 duk na soja ne, gwamnatin soja ce kuma ta rushe unguwar Maroko a Legas a watan Yulin 1990, ta watsa dubban ɗaruruwan mutane. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ba a wanke shi da cewa niyyarsa mai kyau ce. Sunan masani irinsa yana ƙara wa gwamnati kwarjini, ko ta bi shawararsa ko ba ta bi ba. Sai dai a sa abu biyu a sikeli. Daga 1966 zuwa 1999 soja ne ke mulki in ban da shekara huɗu da 'yan watanni, don haka wanda ya ƙi su ya ƙi aikin hukuma kusan tsawon rayuwar aikinsa. Sannan ba don binciken da ya jagoranta ba, da wataƙila an kwashe al'ummu ɗungurungum daga yankin Abuja. Hukuncin adalci shi ne, zamansa a ciki ya rage ɓarna a wasu wurare, amma bai sauya halin gwamnati ba, kuma komawarsa Ijebu-Ode da shekaru suka ja ta nuna inda shi kansa ya ga ƙarfin yake.

Suka ta biyu ta fi shafar mai karatu a Arewa. Tsare-tsaren gargajiya da ake yabo, ai su ne talaka ya yi kuka da su. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, da gwagwarmayar Malam Aminu Kano, sun taso ne a kan zaluncin En'e da aikin tilas da kama-karya, kuma da gwamnatocin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, murna aka yi. Ban da haka, tsarin da ya ginu a kan asali yana ware baƙo, yana kuma mai da mata da matasa 'yan kallo. Yaron da aka haifa a Sabon Gari ba shi da kujera a majalisar birni. Amsar ita ce Mabogunje bai nemi a dawo da jiya ba. Abin da yake nema a wurin gargajiya shi ne amana da sanin juna, sharaɗinsa kuma a sauya ciki: a buɗe littafin kuɗi, a shigar da matan kasuwa da baƙi, a samar da hanyar sauke wanda ya ci amana. Harajin da aka soke na kai ne, talaka da attajiri kusan kuɗi ɗaya, ba kuma mai tambayar inda ya tafi. Harajin gida yana bin darajar dukiya, mai bene ya fi mai ɗaki biyu biya. Kuma tsarin da mutane suka yarda da shi ba sai mai rawani ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa, kwamitin masallaci ko coci, 'yan sintirin unguwa, ƙungiyar masu Keke Napep, duk suna tara kuɗi suna yanke hukunci a yau, doka ce kawai ba ta san da su ba.

Suka ta uku ita ce Ijebu-Ode gari ne madaidaici, mai harshe ɗaya da sarki mai kwarjini da attajirai masu kishin gida, don haka abin da ya yi aiki a can ba zai yi a birni mai miliyoyin mutane daga ko'ina ba. Ana ƙarawa da cewa yabon aikin gayya yana ba gwamnati mafaka, ta bar talaka da haƙa rijiya da yashe lambatu, ita kuma ta riƙe kuɗin mai. Gaskiya ne cewa ba ƙungiyar unguwa da za ta gina madatsar Tiga ko matatar ruwa ta Tamburawa. Amma shawararsa hawa biyu ce: hukuma ɗaya zaɓaɓɓiya ga birni baki ɗaya domin manyan ayyuka, da majalisun unguwanni masu iko da kaso na kuɗi domin abin da ke bakin ƙofa. Birni mai miliyan huɗu unguwanni ne ɗaruruwa, kowacce ba ta kai Ijebu-Ode ba, misalin Sabo kuma ya nuna cewa amana tana ginuwa a kan sana'a da maƙwabtaka, ba jini kaɗai ba. Game da mafaka kuwa, mutanen da suka saba tara kuɗi suna bin lissafinsa su suka fi iya tsare hukuma. Wanda bai taɓa ganin littafin kuɗin unguwarsa ba, ba zai nemi na jiha ba.

Akwai haɗari ɗaya da ya kamata a amince da shi ba tare da kwana-kwana ba. Takardar mallaka tana ɗaga farashin fili, farashi kuma yana jawo dillalai. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya sayarwa a ranar matsi ya koma bayan gari, babban wa yana iya rubuta gidan gado da sunansa ya bar mata da marayu a waje, ɗan haya kuwa ba ya cikin lissafin tun farko. Wannan ne dalilin da ya sa hanyar da ake bi ta fi takardar muhimmanci. Rajistar da aka yi a ofis, mai kuɗi da sanayya ke cin ta. Wadda aka yi a ƙofar gida, gaban maƙwabta da magada, da sunan kowa a kafe, ta fi wuyar murɗewa. Ba ta kawar da haɗarin gaba ɗaya, amma zaman da ake yi yanzu ma ba kariya ba ne, domin gidan da ba shi da takarda shi katafila ke fara ci, ba kuma diyya.

A 1960 wajen kashi 15 cikin 100 na 'yan Najeriya ne ke zaune a birane, yau kuwa sun haura rabi, kuma yawancin sababbin gidaje a Kano da Kaduna da Maiduguri da Sakkwato mutane ne ke gina su da kansu a filayen da hukuma ba ta tsara ba. Birnin gobe ana gina shi yanzu, ko gwamnati ta zo ko ba ta zo ba. Gadon Mabogunje a wannan hali ma'auni ne da kowane mai karatu zai iya ɗauka ya gwada duk wani shirin birni da aka kawo masa, ko gadar sama ce, ko sabuwar kasuwa, ko rabon rance. Su wa aka tambaya kafin a fara? Kuɗin wa za a yi gyara da shi in abin ya lalace? In mai kula da shi ya ci amana, wa ke da ikon sauke shi? Abuja da DFRRI ba su da amsa mai gamsarwa ga ko ɗaya, bankunan al'umma sun amsa rabi, Ijebu-Ode ta fi su kusa da amsa duka ukun, kuma ɗorewar kowannensu a wurin talaka ta bi wannan jeri. Shirin da amsarsa uku duk ofis ɗaya ce a babban birnin jiha, ana iya faɗin makomarsa tun kafin a yanka kirtanin buɗe shi.